Kiɗan da Waya Ba Ta Ɗauka

Ruwan ya tafasa yana ta ɓararraka, tsirkiyoyin jita na ƙarfe suna naɗe a gindin tukunya kamar taliyar da ta ƙi dahuwa. Zakiyya ta sa tsinke ta juya su, ta ja tsaki. Mace da girmanta, da sana'arta ta awara, a ce ta bar wake a jiƙe ta zo ta tsuguna tana dafa waya!

"'Yata, kada ki bari ruwan ya ƙone," in ji muryar Baba Andrawus daga ɗakinsa. "In kin ga maiƙo ya taso sama, sun yi."

Ta ce ta ji. Ai ba yau ta fara ba. Tsohon ya daɗe da koya mata cewa gumi da dattin hannu ne ke kashe tsirkiyar jitar bes, wato jita mai kaurin murya, in aka tafasa ta aka shanya sai muryarta ta dawo. Ranar farko da ya ari tukunyar bai faɗa mata abin da zai yi da ita ba. Da ta gani ta rantse ba za ta ƙara girki a ciki ba, shi ke nan tukunya ta zama tasa.

Gidan haya ɗaya suke a nan Birnin Gwari. Ɗakinsa da falonta asali ɗaki ɗaya ne, mai gidan ya raba da katako. Shekarar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu a wajen Gwaska ya zo, ba shi da komai sai jitar nan a goye a baya. Amfilifayarsa ta ƙara sauti, wadda har yau yake ba da labarinta kamar wata matar da ya rabu da ita yana so, can ya baro ta. To, jitar bes kuwa in babu amfilifaya kusan bebiya ce. Sai ya gano dabara: ya danna kan jitar a jikin katakon, katako ya ɗauki sautin. A ɗaya gefen kuwa kabet ɗin Zakiyya ce a jingine. Kullum da yamma sai kwanukanta su kama rawa, murafu suna ƙar-ƙar-ƙar. Da farko ta yi masifa har ta gaji. Daga baya ya zamana in la'asar ta yi kwanuka ba su motsa ba, sai ta leƙa ta ga ko lafiya.

Yanzu kam ba lafiya ba. Ƙafafunsa sun kumbura sun yi suntum, numfashi sai ya yi da gaske. An kai shi asibiti, aka ba shi magani, aka ce ya koma gida ya huta, da irin muryar nan da kowa ya san ma'anarta. Mutanen cocinsu suna zuwa su yi addu'a su tafi. Amma 'yarsa Alice, wadda ke koyarwa a Kaduna, ba ta san komai ba, domin ya hana a gaya mata.

Dalilinsa kuma ba na banza ba ne. A kan hanyar Kaduna ɗin nan aka tare motar da ɗansa Obed ke ciki, aka shiga daji da su, har yau ko takalminsa ba a gani ba. Alice kaɗai ta rage masa. Ya roƙi Zakiyya, ya haɗa ta da Allah, kada ta buga wa yarinyar waya. Ta ce to, amma tun daga ranar abinci ya daina yi mata daɗi. Ta kai wa mijinta Abdulkahar maganar, ya ce ta fita daga abin da ba nata ba. In ta kira yarinyar nan wani abu ya same ta a hanya, da wane ido za ta kalli tsohon? Ta ce in kuma ya mutu 'yar ba ta gan shi ba, da wane ido za ta kalli 'yar? Ya ɗauki hularsa ya tafi shago.

Da tsirkiyoyin suka bushe ta kai masa. Yatsunsa sun kumbura, ba sa iya murɗa kunnuwan jitar, don haka ita ta riƙa murɗawa yana taɓawa yana saurare, yana cewa ƙara, ƙara kaɗan, tsaya nan. Bakinsa kuwa bai huta ba, ga haki ga surutu. Ya ba ta labarin yadda ya sayi jitar a hannun wani makaɗi ɗan Ghana, lokacin yana saurayi yana kiɗa a otel-otel na Kaduna. Ya nuna mata inda fenti ya goge saboda babban yatsansa. Ya ce wuyanta ya ɗan lanƙwashe, duk wanda ya ɗauka sai ya ce ta lalace, amma shi hannunsa tare suka lanƙwashe da ita. Ya zagi yaran coci na yanzu, masu cika kiɗa da gudu kamar ana korarsu.

"Mai bes ba ya gaggawa," ya ce. "Ka buga ɗaya, ka bar wuri. Wurin da ka bari ɗin nan, shi ma kiɗa ne. A nan masu rawa ke sa ƙafa."

Ita dai tana murɗa kunne tana kallon yadda ƙirjinsa ke ɗagawa da kyar.

Ana cikin haka wayarsa ta yi ƙara. Alice ce. Wallahi sai ka ce ba shi ba: ya gyara murya, ya yi dariya, ya ce lafiyarsa ƙalau, mura ce kawai irin ta damina. Zakiyya ta ji kamar ta fizge wayar. Don ya nuna ƙarfinsa sai ya ce bari ya yi wa Alice kiɗan nan da take so tun tana ƙarama. Ya miƙa wa Zakiyya wayar ta riƙe, ya danna kan jitar a katako, ya fara. Ɗakin ya ɗauka. Zakiyya ta ji shi a tafin ƙafarta, ta ji shi a cikinta, ta jiyo kwanukanta suna amsawa a can gefe. Ya yi iya ƙarfinsa har gumi ya keto masa, sannan ya tsaya yana murmushi.

"Baba, ka fara ne?" in ji Alice. "Ni ban ji komai ba fa. Sai wani ƙar-ƙar kamar na kwano."

Murmushin ya ɓace. Ya ce a matso da wayar, ya sake bugawa. Alice ta ce har yanzu shiru. Ya karɓi wayar ya yi mata sallama a gajarce, ya jefar da ita kan katifa.

"Wannan 'yar sifikar ba ta ɗaukar sauti mai kauri," ya ce, ba tare da ya kalli Zakiyya ba. "Ai na sani. Kiɗan nan ba na kunne ba ne, na ƙirji ne. Sai mutum yana cikin ɗakin."

Zakiyya ta fita. Ta tsaya a bakin murhu, ta ɗauki tsintsiya ta ajiye, ta zuba wa wake ruwan da ba ya buƙata. Sannan ta zaga bayan gida, inda sabis ya fi kamawa, ta nemo lambar Alice. Ba ta yi doguwar gaisuwa ba, don ta san in ta tsaya gaisuwa zuciyarta za ta karaya.

"Alice, babanki ɓoye miki yake yi. Jikin ya yi nisa. In za ki zo, ki zo."

Can gefe aka ce, "Na gode, Anti. Gobe zan shigo motar farko."

Washegari Zakiyya ba ta ga ranar da ta kai wannan tsawo ba. Da hantsi Alice ta kira ta ce an tara motocinsu ana jiran sojojin rakiya. Daga nan waya ta daina shiga. Zakiyya ta kira, ta kira, har batir ya yi ja. Ta ƙona kaskon awara guda, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana amarya. Wata mai sayen awara ta ce ta ji a kasuwa an yi harbi a hanya, wata ta ce ƙarya ne, tirela ce ta kafe a taɓo ta tare kowa. Ba wanda ya san gaskiya, kowa dai yana faɗi. Abdulkahar, wanda ya ce babu ruwansa, ya rufe shago tun kafin azahar ya tafi tasha ya tsaya.

Tsohon kuwa ciwo bai taɓa masa hankali ba. Ya ga tana shiga tana fita, ya ga wayar ba ta barin hannunta. Da ta kawo masa kunu sai ya tsare ta da ido.

"Kin kira ta."

Ta ce ta kira.

"Tana hanya?"

Ta gyaɗa kai. Ya daɗe yana kallonta.

"Na haɗa ki da Allah, Zakiyya. In suka taɓa min ita, ban yafe miki ba."

Tun da ya zo gidan bai taɓa kiran sunanta haka gatsau ba, kullum 'yata ne. Ya juya fuskarsa ga bango. Kunun ya huce a inda ta ajiye shi. Ta koma falonta ta zauna, ta tashi, ta leƙa ƙofar gida, ta dawo. Tsoro take ji, tsoro na gaske. Ta tashi ta yi alwala. A sujada ba ta san me ta roƙa ba ban da sunan yarinyar. Hadari ya haɗo ta wajen dajin Kamuku ya tsaya, ya ƙi zuba ya ƙi wucewa. La'asar ta yi, kwanuka ba su motsa ba.

Rana ta yi sanyi sosai lokacin da ta ji ƙarar babur a ƙofar gida, da muryar Abdulkahar yana sallama da ƙarfi fiye da yadda ya saba. Alice ce a bayansa, taɓo har gwiwa, jaka a rungume a ƙirji. Tirelar ce ashe. Zakiyya ta nuna mata ɗakin da hannu kawai.

Ta bi ta har bakin ƙofa. Tsohon ya juyo, ya kalli 'yarsa daga sama har ƙasa kamar yana ƙirga gaɓoɓinta. Ya tambaye ta wa ya ce ta zo, da muryar faɗa, hawaye kuma suna gangara cikin kunnensa. Alice ta durƙusa ta kifa kai a hannunsa. Zakiyya ko kallo bai yi mata ba. Ta saki labulen, ta koma falonta ta zauna a ƙasa kusa da kabet, ranta a jagule. Yarinya dai ta iso, alhamdulillahi, amma maganar da ya faɗa tana nan tana yi mata yawo a kunne.

Katako ba ya ɓoye magana. Ta ji yana cewa a tayar da shi zaune, a miƙo masa jitar. Ta ji Alice tana roƙonsa ya huta, yana cewa ya huta da yawa. Ya ce wa Alice ta ɗora tafin hannunta a jikin jitar, nan, kusa da inda fenti ya goge, a nan za ta ji abin da waya ta hana ta. 

"Jingina min kan jitar da katakon nan," ya ce. "Hannuna ba zai iya dannawa ba. Danna sosai. 'Yata tana can gefe, ita ma ta ji."

Zakiyya ta toshe baki da gefen mayafinta.

Murfin babban kwanon samira ne ya fara, ƙar, sannan ƙananan suka bi. A hankali yake bugawa, fiye da kullum. Ya buga ɗaya, ya bar wuri. Ya buga wani, ya bar wuri. Ta ɗora hannu a kan kabet tana jin sautin yana hawowa ta tafinta har kafaɗa. Wuraren da yake bari suka riƙa ƙara faɗi, tana jira, yana dawowa. A waje aka fara yayyafi a kan kwanon rufi. Ya buga tsirkiyar nan mai kauri, ta ƙasa, murfin ya yi rawa ya yi rawa ya lafa.

Zakiyya ba ta ɗauke hannunta daga kabet ba. Tana nan zaune, idonta a kan murfin, tana jiran na gaba.