Koriyar Leda a Kan Injin

A masana'antarmu da ke bayan garin Taichung, babu injin da ke aiki ba koriyar ledar ƙwalama a kansa. Ƙwalamar yara ce mai ɗanɗanon kwakwa, ana liƙa ta don injin ya ji magana. Ba a ci, kuma mai launin ruwan ɗorawa ko kusa ba ta zuwa. Ni da nake ɗakin awo ma ina da tawa, don ba na jayayya da abin da bai taɓa cutar da kowa ba.

Pei-shan kuwa, matashiyar ma'aikaciyarmu, dariya take mana. Ita Maigida Lai ya ɗora wa gwaji a kan sabon injin sassaƙa ƙarfe mai kwamfuta. In ƙarfen farko na ƙafar jirgin sama ya fito daidai, injin ya zama nata. In ya lalace, a ba Yaya Hsu, wanda ya koya mata aikin, kuma ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan injin. Dunƙulen ƙarfen kuwa guda ɗaya tak aka aiko mana.

Da safe ta ɗaure ƙarfen tamau, ta auna tsawon kowane bakin yanka, ta nuna wa injin inda zai fara, ta sa ya yi zagayensa a iska bai taɓa komai ba. Sai ta ɗaga kai. Ledar na nan, amma a yage, ba ko ƙwaya.

"Wane mayunwacin ne?" in ji Yaya Hsu.

Maigida Lai ya yi saurin kakkaɓe gaban rigarsa, muka zuba masa ido.

"Ban karya ba ne," ya ce. "Hannuna ne kawai ya kai."

"Haba Maigida!" in ji Yaya Hsu. "Ka rasa wa za ka ƙwace wa abinci sai injin?"

Ya haye babur ya nufi shago. Can ya bugo waya: babu koriya sai mai ruwan ɗorawa, zai ƙara gaba. Ga motar masu kaya za ta zo da yamma.

"Ni ba ruwana da ledarku," in ji Pei-shan. "Na duba komai."

Ta duba ɗin, shaida ne ni. Amma yatsarta ta tsaya a kan maɓallin, ta ƙi dannawa. Wallahi ta ba ni tausayi.

Yaya Hsu ya yi tsaki, ya je ya ɓanɓaro ledar tsohon injinsa, ya zo ya liƙa a nata.

"Danna, malama. Ba don ke na yi ba, injin nake ji."

"Naka fa, Yaya?"

"Nawa dattijo ne, ya san ya kamata."

Ta danna. Bakin yanka ya shiga ƙarfe sumul, ruwan sanyaya yana feshi a jikin gilashi. Dattijon injin kuwa bai san ya kamata ba. Muna gama cin shinkafar rana bututunsa ya fashe, farin ruwa ya malale ƙasa har bakin ƙofata.

Da aka kawo mini ƙarfen na bi shi lungu-lungu da na'urar awo, Pei-shan na tsaye tana cizon farce. Ban samu kuskure ko na silin gashi ba. Na leƙo na ɗaga babban yatsa.

Ihun da ya fi na kowa na Yaya Hsu ne. Yana tsaye cikin ruwa, wando a naɗe, tsumma a hannu, injin da yake so ya kuɓuce masa ke nan.

Pei-shan ta tako cikin ruwan da takalmanta, idonta jawur.

"Yaya, ai naka ne da..."

"Ke, rufa mini baki," ya ce. Ya miƙa mata tsumman. "Ungo, babbar gwana. Goge can wajen ƙofa."