Rumbun Gwadabe

A shekarar farin nan da shanu suka riƙa faɗuwa a hanyar Gaya, rumbu ɗaya ne ya rage da hatsi a wata unguwar Maguzawa tsakanin Toranke da Balan. Na Gwadabe ne, mijin Gaji.

Gaji ta san dalili. Tun da Gwadabe ya karɓi Almasihu a hannun wani mai bishara, ya daina dafa giya da dawarsa. Abin da maƙwabta suka shanye a tukunya, nasa yana nan a dami. Har tarin da ya daɗe yana damunsa ya tafi. Amma shi ba haka yake faɗa ba. Ran Lahadi, a ɗan ɗakin sujadarsu na kara, sai ya daki ƙirji ya ce, "Ku dube ni. In rai ya girma cikin Ubangiji, jiki zai samu lafiya, rumbu ya cika. Wanda ya rasa, ya binciki zuciyarsa."

Wansa Barau yana nan kan tsafin iyaye. Da ƙafafun 'yarsa Hure suka kumbura don yunwa, ya zo da ƙwarya.

"Ƙane, ɗan abin kunu."

"Yaya, ka fara zubar da tsafin nan ka zo sujada. Rai ne a gaba, hatsi yana biye."

"Wa'azin zan dama mata ta sha?"

Gaji ta ce, "Maigida, ka zuba masa." Gwadabe ya harare ta. Barau ya kifa ƙwaryar a ƙofar gida ya tafi.

Kafin kasuwar Gaya ta zagayo aka binne Hure.

A unguwar an yarda akwai masu ɗauke kurwar hatsin gonar wani su kai nasu rumbun. Barau ya bi gida gida yana cewa sabon abin bautar ƙanensa ne ya tsotse gonakinsu. Wanda yake jin yunwa ba ya dogon bincike. Da rana tsaka mutanen unguwar suka faɗo gidan Gwadabe da sanduna.

Gwadabe ya tsaya gaban rumbun ya buɗe hannu. "Wannan albarkar Ubangiji ce!"

"Albarkar ta cinye min 'ya," in ji Barau, ya sauke masa ƙotar fartanya a ka.

Jini ya rufe masa ido. Ya durƙusa, suka rufar masa. Gaji ta ji ƙarar haƙarƙari kamar ana karya kara. Ta kama ƙafar wani, ya shure ta, haƙorinta ya fita.

Mace ba ta leƙa rumbun miji. Gaji ta tofar da jini ta hau tsani, ta ture jinkar, ta shiga wurgo damman dawa a kansu.

"Ga kurwar taku nan! Ku kwasa ku bar min shi!"

Suka yar da sanduna suka hau wawaso, suna tattaka Gwadabe. Barau kaɗai bai ɗauki ko zangarniya ba. Ya tsaya da ƙotar a hannu, yana kallon gashin da ya manne mata.

Gwadabe ya kwanta yana tarin jini. Mai bishara ya zo zai tafi Gaya kiran 'yan doka.

"Malam, zauna," in ji Gwadabe. "Yarana sun kusa rasa uba, kada su rasa baffa." Ya laluba hannun Gaji. "Da rumbu na riƙa auna raina. Rumbun ya cika, ni kuwa ko ƙwarya ɗaya ban iya cikawa ba. Sai yanzu da aka farfasa ni na iya yi wa Yaya addu'a. Saura nawa a rumbun?"

"Dami biyu. Na yaranka ne."

"Ki kai masa ɗaya. Yana da sauran yara."

"Ba zan kai ba."

"To," ya ce. Bai ƙara magana ba, har ya cika.

Gaji ba ta ga lafiya ba, ba ta ga wadata ba, ga marayu a ɗaki. Ta yi faɗa da Allah a bayan ɗaki har muryarta ta dushe. Washegarin jana'iza ta ɗauko ƙwaryar nan da har yanzu take kife a ƙofa, ta ɗora dami a ka. Tana tafe tana zagin Barau. Ta sauke a ƙofarsa ba tare da sallama ba, ta aza ƙwaryar a kai, ta juya.