Reshen Tsamiya a Kan Rumbun Iri

Ruwan fari na shekarar nan da asuba ya zo mana, iska na gabansa. Ina zaune ban ko shafa addu'a ba na ji ƙara a bayan ɗaki, ƙaƙas, sai kuma shiru. Da gari ya waye muka fita. Babban reshen tsamiyarmu ne ya tsage. Bai faɗi ba: gindinsa na maƙale da uwar itacen, kansa kuma ya kwanta bisa rumbunmu na ƙasa, ya danne jinkar murfin.

Rumbun ƙasa ta sama ake shigarsa. Irin geronmu na ciki, zangarniyar da na zaɓa da hannuna tun kaka, da ɗan abin da ya rage na ci kafin sabo ya nuna. Na tona ƙasa da yatsa, laimar ba ta wuce taƙi ba. Rairayin Matamaye kuwa in ya sha rana yini guda ya gama bushewa. Yau ake shuka, ko a zauna jiran wani ruwan da ba wanda ya san ranarsa.

Sa'a, matar ɗana, ta ce, “Inna, a huda shi ta ciki mana, a zaro irin.”

Mijinta Idrisa ya ce, “Huda shi ki gani. Bangon nan shi ke ɗauke da reshen. Kina taɓa shi zai zauna, hatsin damina duka a waje.”

Idrisa shi kaɗai ya rage mini cikin maza. Sana'ar ubansa ya gada, hawan itace. Da rani yana sare wa Fulani rassan gawo dabbobi su ci, yana sauke wa mutane reshen da ya yi barazanar faɗa wa ɗaki. Gemu ya fara fari, kafaɗar dama kuma ba ta koma daidai ba tun faɗowar da ya yi daga wata kuka a Dawce. Ya zagaya itacen yana kallon sama, ya daɗe.

“Hawa ni zan hau,” ya ce. “Amma sai da igiya mai kauri, da maza masu nauyi su riƙe ta. In na sare inda ya maƙale ba mai riƙewa, gindin zai sauko ya raba rumbun biyu.”

Maza! Samarin unguwa an kwashe su yaƙin sarki tun rani, har da ɗan Idrisa. Waɗanda suka rage kowa ya saɓa sungumi ya nufi gona.

Na yafa zane na fita. Ni ban san ko baƙi ɗaya na allo ba, amma ba gidan da ke unguwar nan da ban san abin da ke tsakanina da shi ba. Wanda na karɓi haihuwar matarsa, wanda ya ci tuwona shekarar fara, wanda jakinsa ya shiga wakena na yi shiru. Ba na faɗi, ba na kuma mantawa.

Lawwali maƙwabcinmu na tarar a ƙofa, ƙwaryar iri a kan matarsa.

“Lawwali, itacen da ke riƙe da ɗakinka wa ya saro maka?”

“Mijinki Baba Ɗan'azumi, Allah ya ji ƙansa. Inna Baiwa, ko gaisuwa babu?”

“Ka kwana lafiya. To, ɗansa na neman hannu a igiya.”

Ya dubi rana, ya dubi matarsa. “Wallahi da yamma ina dawowa, ko ruwa ban sha ba zan zo.”

“Da yamma me zan shuka, toka?”

Ya shiga ya ɗauko mini igiyar rijiyarsa, sabuwa, ta ɓawon kuka. Na karɓa. Ban ce mun rabu ba, don igiya ba ta kai itacen ɗaki ba. Gidajen da suka biyo baya duk haka: da yamma, da yamma. Na tambayi aron iri a gida ɗaya, abin da ban taɓa yi ba, matar ta karkato mini ƙwaryarta na ga ko tasu gonar ba zai rufe ba. Ban ga laifin kowa ba. Da ni ce ma haka zan ce.

Na dawo ƙafafuna na zafi, na tarar da wata matsalar. Idrisa ya hau, ya rage ƙananan rassa da tsitaka, ƙaramin gatarinsa, Sa'a na janye su. Da ya ɗauki babban gatari ya gwada sara ɗaya, ƙotar ta tsage, ruwan gatarin ya yi tsalle ya faɗa cikin kaji. Rani ya busar da ita, ba wanda ya tuna ya jiƙa ta.

“Akwai wata ƙotar a rataye a zaure,” ya ce daga sama, “amma ba a huda ta ba. Sai maƙera.”

Na ɗauki ƙarfen da ƙotar na sake fita.

Maƙerar Muntaka cike take. Duk wanda ya yi sakaci da sunguminsa tun bara yana nan tsugune, wani bakin nasa ya lanƙwashe, wani ya fita daga ƙota, kowa na kallon rana yana tsaki. Manyan magidanta ne, masu wuya da ƙirji. Na tsaya ina dubansu. Gona na kiransu, amma ba mai iya tafiya sai Muntaka ya sallame shi.

“Inna!” in ji Muntaka. “Ke ma sungumin ne? Wa zai aure ki da wannan ƙarfi?”

“Ubanka ya nema na ƙi. Karɓi.”

Ya ture aikin da ke gabansa ya sa tsinin gatarin a wuta. Wani ya ce ai shi ya riga zuwa, Muntaka ya ce to ya riga ta zuwa duniya ma? Aka yi dariya. Da ƙarfen ya yi ja ya dasa shi a kan ƙotar, hayaƙi ya tashi, ya zare, ya mayar wuta, ya sake dasawa har ya huda. Ya tsoma a ruwa, ya buga gindin a ƙasa ya miƙo mini.

Na gaya masa zancen reshen, na ce ya zo ya riƙe igiya.

“Haba Inna. Dubi mutanen nan. In na tashi wutar ta mutu, gawayin nan kuma shi ke nan gare ni. Ki bari in sallame su.”

“Yaushe?”

“Kafin la'asar.”

Uwar Muntaka ta rasu bai yi arba'in ba. Lokacin ina goyon Idrisa, aka kawo mini shi cikin tsumma, na ba wannan dama na ba wannan hagu har suka yi ƙafa. Ban taɓa faɗa ba, ko a faɗa ko a wasa. Irin wannan ba a faɗarsa. Shi ya sani, gari ya sani, kuma saboda ba a faɗa ba ne kullum sallah yake aiko mini da cinya. Na tsaya da gatari a hannu ina jin zafin rana a ƙeyata.

Na ce, “Muntaka, nonon da ka sha nake nema yau.”

Mai zuga ya tsaya. Muntaka ya dubi ƙasa, ya ajiye guduma a hankali, ya kwance warkinsa na aiki ya rataye.

“Mu je,” ya ce.

“Kai, mu fa?” in ji masu sungumi.

Na ce, “Shi kaɗai zai yini a can. In kun kama masa, kafin ku gama tsaki ya dawo.”

Suka zage ni a ciki, na gani a fuskarsu, suka tashi suka biyo mu. Dama su na zo ɗauka.

Idrisa ya ɗaure igiyar a gindin reshen, ya haura da ita ta kan wani reshe da ke sama, ya jefo musu bakin. Suka naɗa ta sau ɗaya a turken jaki, suka jeru, Muntaka a ƙarshe ya ɗaura ta a ƙugu. Idrisa ya ɗaure kansa da uwar itacen da rawaninsa, ya fara sara. Tsamiya ba gawo ba ce, cikinta kamar dutse. Yana sara yana hutawa, yana sauya hannu, kowane sara ina jin numfashinsa daga ƙasa. Wani daga cikin masu igiya ya ce, “Idrisa, sassaƙa turmi kake a can?” Idrisa ya ci gaba da sara.

Sai ya ce, “Ku riƙe!”

Reshen ya yi ƙara ya saki. Igiyar ta miƙe, turken ya karkata, mutanen suka zame a rairayi har na gaba ya durƙusa. Muntaka ya kafa dugadugansa ya kwanta baya. Gindin ya yi lilo a sama, ya gogi bakin rumbun ya ɓantare guntu kamar faifai.

“Ku saki kaɗan. Kaɗan na ce! Sa'a, ja kan nan wajenki.”

Da haka da haka aka zame shi gefe, aka kwantar da shi a ƙasa. Rumbun na tsaye.

Masu sungumi ko ruwan da Sa'a ta kawo ba su tsaya sha ba. Muntaka ya kwance igiyar daga ƙugunsa, ta yanke masa fata. Na ce bari in samo man shanu. Ya ce a bar shi.

“Akwai sauran bashi, Baiwa?”

Tun da ya iya magana bai taɓa kiran sunana ba.

Na ce, “Babu.”

Ya bi bayan mutanensa ya je hura wutar da ta mutu.

Idrisa ya sauko da hannu ɗaya, na damar na rataye kamar ba nasa ba. Ya zauna a gindin itacen ya jingina kai, ya ce a ba shi ɗan lokaci. Na dube shi na san yau ba zai ɗaga sungumi ba. Sa'a ce ta hau rumbun ta ture jinkar, ta miƙo mini zangarniyar. Muka sussuka a tsaye, muka sheƙe sama-sama.

Rana ta karkata muka isa gona. Su Lawwali har sun kai ƙarshen tasu suna zaune a inuwa. Sa'a na gaba tana sara rami, ni ina baya ina jefa iri ina rufewa da diddige, bayana na cizo. Saman ƙasar ya yi fari, sai ta nitsa sungumin sosai kafin ta taɓo laima. Muka fara da kwari, inda ruwa ya fi zama. Da aka kira magariba mun rufe kwarin da ɗan abin da ke gefensa, tudun duka yana nan.

“Inna, mu ƙara layi ɗaya?”

Na sunkuya na tura yatsa cikin ramin da ta sara na ƙarshe, ban ji laima ba. Na ce ta rufe ƙwaryar, a ajiye sauran sai wani ruwan.