Katin Darakta

Alhaji Umar Farouk darakta ne a wata ma'aikata a Abuja, kuma ba ya zuwa ko'ina da ƙafarsa. Ɗaurin aure wakili, ta'aziyya wakili, taron da shi ya kira ma wakili. Saboda haka da aka fito da takarda cewa kowane babban ma'aikaci ya je a auna masa jini da suga ya kawo kati da hatimi, bai ɓata lokaci ba. Ya miƙa wa direbansa Thaddeus katin.

"Je ka wakilce ni."

Thaddeus ya shekara goma sha ɗaya yana bin layi a madadin oga, bai ga abin tambaya ba. Ya je rumfar da aka kafa a harabar ma'aikata, ya jira, ya miƙa hannu. Nas ɗin, wata Lucia, ta ɗaura masa abin awo, ta duba, ta sake ɗaurawa.

"Ɗari da casa'in bisa ɗari da goma sha biyar. Kana jin ciwon kai?"

"Kaɗan kaɗan, sista. Ta ƙeya."

"Hawan jini ne, mai tsanani. Ka kai wa likita katin nan yau, maganin kyauta ne." Ta dubi sunan, ta dube shi. "Kai ne Umar Farouk?"

"Wakilinsa ne."

"To hannun wa na auna?"

"Nawa ne. Amma kati na oga ne."

Lucia ta riga ta buga hatimi. Ta nemi wani katin, babu, don direbobin kwantiragi ba sa cikin lissafi. Ta ce ya roƙi ogansa ya bar masa wannan.

Tsoro ya kama Thaddeus sosai. Haka babansa ya yi ta cewa kaɗan kaɗan, har ranar da ya faɗi a kasuwar Masaka, ɓarin jikinsa ya shanye. Ya hau bene a hankali, yana riƙe da katin da hannu biyu.

Alhaji ya sa tabarau ya karanta, fuskarsa ta ɓaci.

"Haba Thaddeus! Wannan za a sa mini a fayil? Ƙarin girma nake jira."

"Oga, sista ta ce in kai wa likita..."

"Da sunana?"

Ya yaga katin gida huɗu ya jefa a kwando. Ya sa sakatariya ta samo sabo, aka tura Edward masinja wurin awon, wanda ke zuwa aiki a ƙafa tun daga unguwar Mpape. Kafin azahar Edward ya dawo da ɗari da ashirin bisa tamanin.

"Alhamdulillahi," in ji Alhaji, "dama na san lafiyata ƙalau." Ya juya ga Thaddeus cikin tausasawa. "Kar ka damu, ban riƙe ka a zuciya ba. Fito da mota, Kaduna za mu, a ɗan taka ta."