Zaren da Bashira Ta Ɗaura

Ranar da iƙamar Bashira ta fito, wato katin izinin zama, duk wanda ya ratsa lungunsu a unguwar Balad sai da ya ci masar da take sayarwa kyauta. Shekara goma da wani abu tana zaman ɓoye a Jidda, in ta ji jiniya gabanta ya faɗi, yau ga ta da kati a hannu tana nuna wa har waɗanda ba su tambaya ba.

Maƙwabciyarta Rakia, wadda mijinta ke girki a barikin Rundunar Rakiya, ta cika baki da masa ta ce, "Mabruk, Yaya. To yanzu sai ki je ki sallami bawan Allah ya tafi gida."

"Wane bawan Allah?"

Rakia ta daina tauna. Ita dama bakinta kullum yana riga hankalinta tashi.

Daular Tafki, wadda Turawa suka gwada ƙarfinta suka haƙura, ta miƙe daga Kwara har Bahar Maliya. Tana da tankoki da jiragen yaƙi, amma rundunar da talaka ya sani ita ce ta Rakiya, masu kai alhazai su komo da su. Bisa tsohuwar yarjejeniya suna da bariki kusa da tashar jiragen ruwa ta Jidda. Al'adarsu kuwa, kafin a hau jirgi a Sawakin, kowane maniyyaci zai ɗaura shuɗin zare a damtsen sojan da aka haɗa shi da shi, sojan ya ɗaura masa irinsa a wuyan hannu.

Bashira ta ɗaura nata kamar kowa. Fuskar sojan ba ta gani ba, don 'yan rakiya ba sa sauke amawali a bakin aiki. Bayan an gama Hajji ta zo Balad duba ƙanwarta, ta tarar da ita rai a hannun Allah, ga yara ƙanana ba mai riƙo. Ta zauna, jirgi ya tashi ba da ita ba. Zaren hannunta ta sa almakashi ta datse, don a ƙauyensu na bakin Nilu an ce da ka datse magana ta ƙare. Ƙauyen nan kuwa kowa gwani ne a dokar soja, alhali ba wanda ya taɓa ɗaga bindiga.

"Naki ba shi ne magana ba, nasa ne," in ji Rakia, murya ƙasa-ƙasa. "Soja ba ya barin ƙasar da mai zarensa take. Ba hutu, ba ƙarin girma, har sai hannun da ya ɗaura ya kwance, a gaban kwamanda. Can kuma duba takardu ake. Da kin je ba iƙama, da tuni an tasa ƙeyarki."

"Shi bai san inda nake ba ne?"

"Yaya! Wa ke zuwa duk Juma'a yana ƙorafin yajinki ya yi kaɗan?"

Bashira ta zauna a kan buhun shinkafa ba ta shirya ba. Mahamat ke nan, dogon mutumin nan marar magana, wanda har take yi wa tsiya cewa matarsa ba ta iya girki ba. Kalma ɗaya zai faɗa wa hukuma, a kamo ta, ta kwance zare dole, shi ya hau jirgi. Bai faɗa ba, ya kuma roƙi mutanen bariki kada wanda ya faɗa mata. Kunya ta rufe ta, godiya ta biyo baya har ta rasa inda za ta sa ta.

"Jirginsu na gida jibi zai tashi," Rakia ta ƙara. "In ya wuce, sai bayan Hajji mai zuwa."

Bashira ta kwala wa Hafsa kira, babbar 'yar marigayiyar ƙanwarta, ta bar mata tanda a wuta, ta yafa abaya. Ko hannu ba ta wanke ba ta tare tasi.

A ƙofar bariki mai gadi ya duba katinta, ya ji abin da ya kawo ta, sai ya ƙame ya sara mata. Kafin ta kai tsakar fili labari ya riga ta. Sojoji suka riƙa fitowa, wani da cokali a hannu, wani takalmi ƙafa ɗaya. Aka kira kwamanda, saurayi ne wanda Mahamat ya koya wa fareti da kansa.

Mahamat ya fito ƙarshe, furfura ta gama cin gemunsa. Da ya gan ta ya sunkuyar da kai.

"Hajiya, wa ya faɗa miki?"

"Malam Mahamat, me ya sa ka yi shiru?"

"An ba ni ke amana. Na zo na tafi da ke, na leƙa na ga yara a jikinki, ɗaya a baya ɗaya a cinya." Ya ɗaga kafaɗa. "Halas, shi ke nan, na koma."

Ya naɗe hannun riga. Zaren ya koɗe ya zama toka-toka, ya nutse cikin fata. Ƙullin kuwa nata ne, irin wanda take yi wa bakin buhu don kada ya kwance, gumi da shekaru sun mai da shi kamar tsakuwa. Ta sa farce, ya ƙi. Ta ce a miƙo mata reza.

"Ba a yankawa, Hajiya," in ji kwamanda. "Kwancewa ake."

Ta sake gwadawa har farcenta ya karye. Sai ta lura yatsunta har yanzu da maiƙon masa. Ta murza a ƙullin, ta sake murzawa, ta zare allurar mayafinta ta soka a tsakiya a hankali. Ƙullin ya motsa, sannan ya saki. Inda zaren ya kwanta fatar ta yi fari zagaye da damtse.

Kwamanda ya yi mata tambayar da ake yi wa kowane alhaji: "Kin iso lafiya?"

"Na iso lafiya," ta ce, hawaye na zuba. "Ni da yaran duka. Allah ya raka ka kamar yadda ka raka mu, Malam Mahamat. Allah ya sa ka gama da duniya lafiya."

Sojoji suka ɗauki kabbara, wani ya ruga haɗa masa kaya yana ihun yalla, yalla. Shi dai Mahamat yana tsaye yana shafa damtsensa. Da hayaniya ta lafa ya matso, ya yi gyaran murya.

"Hajiya, ke kin san kasuwar Balad, kin kuma raini 'yan mata. Ki taimake ni da shawara."

"Faɗi ko mene ne."

"Da na taho, na bar mai ɗakina da tsohon ciki. Mace aka samu, Safia, sai dai a waya nake ganinta. Yarinya mai shekarunta, me uba ke kai mata tsaraba?"