Wadda Ta Ɓace Ranar Bikin Uwar Teku

Gaik Suan ta juya ne kawai ta kunna turaren tsinke a jikin fitilar mai. Ko da ta waiwayo, babu mahaifiyarta.

"Mama!"

Ranar bikin Uwar Teku ce, abar bautar masunta da matuƙan jirgin ruwa, tsohon gidan bautarta na kusa da tashar jiragen ruwa a birnin George Town ya cika maƙil. Hayaƙi ya turnuƙe, ido sai yaji. Tsohuwar shekararta tamanin da ɗaya, kuma shekara biyu ke nan mantuwa na cin ta. Watan jiya ma a tsakiyar titi aka tsinto ta.

Gaik Suan ta kutsa cikin mutane, ta ture wata mata, lemun da matar ta kawo sadaka ya watse a ƙasa. Ko haƙuri ba ta tsaya bayarwa ba. A bakin ƙofa ta ci birki. Babura na ta sheƙa gudu, a tsallaken titi kuma teku ce.

Ta hango dattijon da ke kula da wurin. "Kawu Teoh, ka ga Mama? Riga mai furanni ce a jikinta."

"Ke ma dai! Yau tsofaffi masu riga mai furanni ai sun fi ɗari." Da ya dubi fuskarta sai ya jingine tsintsiyarsa. "Duba wajen tanderu. Ni bari in bi bakin ruwa."

A tanderun da ake ƙona takardun sadaka wuta na ta ci bal-bal. Har ciki ta leƙa. Ba ta nan.

Sai ta ji ƙwas-ƙwas daga wani ɗan ɗaki a baya. Tsohuwar ce durƙushe, tana jefa 'yan katako biyu da ake neman amsar Uwar Teku da su, ta kwashe, ta sake jefawa.

"Haba Mama! So kike ki kashe ni?"

Tsohuwar ta ɗago, fuska sharkaf da hawaye. "'Yar nan, taimake ni. Ɗiyata ta ɓace cikin taron nan. Shekararta shida, da jan ƙyalle a gashinta. Gaik Suan sunanta. Tsoron mutane gare ta."

Gaik Suan ta buɗe baki za ta ce ai ga ta nan. Sai ta ga tsohuwar ba ta gane ta ba, ta fasa. Ta durƙusa kusa da ita.

"An gan ta. Tana gida, har ta ci shinkafa."

"Da gaske? Ba ta yi kuka ba?"

"Ta yi, amma kaɗan. Taso in kai ki."

Tsohuwar ta damƙe mata hannu ta miƙe da ƙyar. Suna fita tsakar gidan ta ƙare mata kallo.

"Ke ɗiyar wace ce? Kai, uwarki ta yi dace."