Ranar da Afrakoma Ta Ƙi Haura Katanga

Motar ta tsaya a bayan filin ƙwallon Asuoso. Direba ya san aikinsa. Ya matsa da ita jikin katanga har madubi ya kusa gogawa, ya kashe, ya fita ya sauko da tsani daga kan rufi.

Afrakoma na kujerar ƙarshe, takalman ƙwallonta rataye a wuya. Ita ce lamba goma ta Taurarin Tano, ita ce kyaftin. Da ƙwallo take cin abinci, da ita take riƙe uwarta. Ran Lahadi da safe kuwa tana layin gaba cikin mawaƙan coci.

Ciyaman Takyi, mai kulob ɗin, dillalin siminti, ya miƙe ya toshe tsakiyar mota da tumbinsa.

"Ku saurara, 'ya'yana. Bokana ya duba mana. Sun binne abu a bakin ƙofa. Duk wadda ta taka, ƙafarta ta mutu sai an tashi wasa. Ta katanga za mu shiga, kamar bara."

"Baran ma ai uku aka zura mana," in ji Dufie mai tsaron raga, bakinta cike da dokunu, tuwon masara, da kifi da barkono.

"Da ta ƙofa kuka shiga, da bakwai kika sha. Mai hannu kamar rariya kawai."

Mota ta ɗauki dariya. Ban da Afrakoma.

Bara ta haura tare da kowa. Da ta koma gida ta ba uwarta labari tana ƙyalƙyala dariya. Tsohuwar na kirɓa sakwara, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Shi wanda kike yi wa waƙa a coci, ba ya zuwa Asuoso ne?" Iyakar abin da ta ce ke nan. Maganar ta zauna wa Afrakoma kamar tsakuwa cikin takalmi.

"Ciyaman," ta ce, "ni ta ƙofa zan shiga."

Koci Amoako ya juya yana kallon taga, ko da yake ba komai a wajen sai bulo.

"Me kika ce?" in ji Takyi.

"Ta ƙofa."

"Ke kaɗai ce Kirista a motar nan? Wa ya zuba simintin cocinku? Ni ne. Addu'a daban, dabara daban, yarinya."

"Ban hana kowa hawa ba, Ciyaman. Ni dai ba zan hau ba."

Ya nuna ta da makullin motarsa. "Wasan kusa da na ƙarshe ne wannan, ba taron mata zumunta ba. Kika taka ƙofar nan, ba ki sa rigata yau. Ba ki sa ta gobe. Ki je Fasto ya ba ki jesi."

Kowa ya san Takyi. Ya taɓa korar 'yar gaba saboda ta gaisa da matar alƙalin wasa.

Dufie ta jawo gefen rigarta, ta rage murya. "Yaya Afra, ki haura kawai, jibi ki tuba. Haka duk muke yi."

Afrakoma ta dafa kan Dufie, ta raɓa ta gefen Ciyaman, ta sauka. Ta kama bin jikin katanga ita kaɗai, ta nufi gaba.

"Ku ƙyale ta," in ji Takyi. "Ku fito. Ni zan fara hawa, ku ga namiji." Ya kama tsani yana nishi. Da ya kai sama ya zauna ya raba ƙafa, ɗaya ciki ɗaya waje. "Wata ta ɗaga mana jama! Za ku shiga shiru kamar masu zuwa gaisuwar mutuwa?"

Taurarin Tano ba sa shiga fili ba jama. Ɗaya ta ɗaga waƙa, saura su amsa da tafi, su jeru a bayanta, kowace da hannu a kafaɗar ta gabanta. Kuma ba a barin mai ɗagawa ita kaɗai. Ko kuna gaba da ita, ko ta ci miki saurayi, ta ɗaga sai kin amsa. Wadda ta yi shiru ta fita daga cikin mutane.

Afrakoma ce ke tsara musu jama tun zuwanta. Takan ɗauko muryar coci ta ɗora mata kiɗan bayan kujerar mota, ta cusa sunan kowa a ciki, har ciwon gwiwar Koci.

Wata ƙaramar 'yar baya ta gwada. Muryar ta fito siririya, ta mutu a layi na biyu. Dufie ta sa ƙafa a tsani, ta hau rabi.

Can gaba Afrakoma na tafiya. Ba ta taɓa shiga fili baki rufe ba, ba kuma yau za ta fara ba. Ta ɗauko tsohuwar muryar da suke amsawa da "Ya riga mu," ta sa mata sababbin kalmomi nan take, ta buɗe maƙogwaro yadda take yi a coci.

"Wa ya taka ƙofar Asuoso kafin ni?"

Bakin Dufie ya amsa kafin ta yi shawara. "Ya riga mu!"

"Dufie!" Takyi ya daka tsawa daga sama.

"Ciyaman, ta ɗaga fa. Ya zan yi?"

"Mai sama ya shiga, bai nemi tsani ba!"

Yanzu murya biyar ce ko shida. "Ya riga mu!"

"Abin da suka binne, ƙasa ce ta ci!"

"Ya riga mu!"

Tafi ya kama. Dufie ta diro. Ba wadda ta ce a tafi. Ƙafafu ne suka san aikinsu: hannu ya hau kafaɗa, layi ya miƙe, ya bi jikin katanga da sassarfa har ya cim mata. Afrakoma ta ji tafin hannu mai danshi a kafaɗarta, mai warin barkono da kifi. Ba ta waiga ba.

A bakin ƙofa magoya bayan Asuoso sun yi cincirindo. Ƙasar wurin sabuwar tonawa ce, jiƙaƙƙiya, ga ɓawon ƙwai a gefe.

"Taka ki gani, Sista Fasto!" wani ya yi ihu. "Yau a goye za a mai da ke gida!"

Ta dube shi. Ta sa ƙafar dama, wadda take bugu da ita, a tsakiyar wurin. Ta juya a kai sau ɗaya kamar mai rawa, ta wuce. Layi ya bi ta, kowace na takawa. Na ƙarshe Koci Amoako ne, jakar jesi a kansa, yana amsawa ƙasa-ƙasa.

Suna ɗakin sauya kaya Takyi ya shigo. Wandonsa ya yage a cinya, rigarsa duk farar ƙasa. Ba wanda ya tare shi ta ciki, sai da ya diro da kansa.

"Koci. Wa ya rage da bai taka ba?"

"Kai da direba, Ciyaman."

Dufie ta cusa safar hannu a baki don ta danne dariya.

Takyi ya daɗe yana huci. Sannan ya zuge jaka, ya tona, ya zaro lamba goma, ya wurga mata a ƙirji.

"In aka ci mu, ki san abin da za ki faɗa mini."

"In aka ci mu, Asuoso sun fi mu wasa ne, Ciyaman."

"Ƙafar fa? Kina jin ta?"

Afrakoma ta jawo ƙwallo da tafin ƙafa, ta ɗaga ta, ta buga da dunduniya ta bayanta. Ƙwallon ta haura kanta ta sauko ta kwanta a kan yatsunta, ko motsi ba ta yi.

Ta zura rigar, ta ɗaura kambun kyaftin. A waje alƙali ya hura usur na kira. Ta durƙusa a gwiwa ɗaya, ta faɗi abin da za ta faɗa a gajarce, ta miƙe ta ja layi.